Filin Tambaya da Amsa: Koyon Mozayik Daga Tushe

Wasiƙun wannan karo sun karkata ga mozayik, wato adon da ake yi ta hanyar jera ƙananan gutsattsarin gilashi, tayil, dutse ko tangaran a kan katako ko bango, a manne su, a cike tsakaninsu. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, daga masu shirin shiga aji da kuma waɗanda suka fara har aikin ya ba su ciwon kai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga ana tallata ajin koyon mozayik na 'yan farko, wani na awa uku, wani na kwana biyu. Ban taɓa riƙe kayan aikin ba. Me ake yi a ciki, kuma wanne ya kamata in shiga? (Wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka saba yi a ajin farko shi ne a ba kowa ɗan katako mai faɗin santimita 15 ko 20 kowane gefe, da tayil na gilashi launi-launi, da filayar yanka, da gam. Mai koyarwa zai nuna yadda ake yanka, ki gwada a kan tayil kaɗan, ki zana fasali mai sauƙi da fensir a kan katakon, sannan ki shiga mannawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce hanyar kai tsaye, abin da kike gani a gabanki shi ne zai fito.

Inda azuzuwan suka sha bamban shi ne wajen girawut, simintin da ake cike tsakanin gutsattsarin da shi. Farin gam yana buƙatar kamar awa 24 kafin ya riƙe sosai, ba a kuma sa girawut sai ya riƙe. Saboda haka ajin awa uku ɗayan uku yake yi: ko a ƙulla miki garin a leda ki je ki ƙarasa a gida, ko mai koyarwa ya cike miki bayan kin tafi, ko a sa gam mai saurin kamawa a yi komai a gurguje. A ganinmu na tsakiyar ya fi cutar ɗan koyo, ko da yake shi ya fi daɗi. Za ki karɓi aiki tsaf, alhali rabin sana'ar bai taɓa hannunki ba, kuma mafi yawan koke-koken da muke samu a kan wannan rabin suke. In da hali ki shiga na kwana biyu, ki kwaɓa da kanki, ki shafa, ki goge, mai koyarwa na tsaye a kanki.

Kafin ki biya kuɗi ki tambayi abu kaɗan. Kowa da filayarsa, ko karɓa-karɓa ake yi? Ku za ku yanka, ko yankakku ake rabawa? Ana ba da tabarau na kare ido? Mutum nawa ne a ajin? In sun haura goma ga malami ɗaya, da wuya ya ga yadda kowa ke riƙe filaya. Akwai kuma alamar da ba ta ƙarya: malamin da ya fara tambayar ki inda za a ajiye aikin, cikin ɗaki ko a waje, kafin ya miƙo miki katako da gam, wannan ya san abin da yake yi. Ki je da rufaffen takalmi, don ɓarɓashin gilashi ƙasa yake zuba.

Kada ki sa ran fitowa gwana a kwana biyu. Makarantar mozayik ta Spilimbergo a Italiya, wadda aka buɗe a 1922, shekara uku take koyar da ɗalibanta. Amma kwana biyu sun isa ki fito da abin da za ki rataye ba tare da jin kunya ba.

Tambaya: Ina so in ci gaba a gida bayan aji. Me zan saya, kuma tayil nawa zai ishe ni? (Wani ɗalibi)

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka cika jaka da kaya. Filaya ɗaya mai kyau, tabarau, safar hannu ta roba, takunkumin ƙura, farin gam na PVA irin na kafintoci, matsefata, soso, tsohon buroshin haƙori, da roba biyu ta kwaɓi. A kan filaya kaɗai za mu ce kada ka yi rowa.

Katako ka nemi filawud mai kaurin milimita 9 zuwa 12. Wanda bai kai haka ba yakan lanƙwashe idan ya sha danshin gam da na girawut. MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, shi ma yana yi, amma a busasshen ɗaki kawai, don da ya ga ruwa sai ya kumbura. Ka kakkarce fuskar katakon da wuƙa gicciye-gicciye domin gam ya sami abin kamawa, sannan ka haɗa gam kashi 1 da ruwa kashi 4 ka shafe gaba da baya da gefuna, ka bari ya bushe. Wanda ya shafe fuska ɗaya ya bar ɗayar shi ne ke ganin katakonsa ya gantsare.

Ga lissafin tayil. Wanda aka fi samu na gilashi santimita 2 ne kowane gefe, kaurinsa kamar milimita 4. Idan ka bar tazarar milimita 2, kowane tayil zai ci wuri 2.2 sau 2.2, wato murabba'in santimita 4.84. Katako mai 20 sau 20 murabba'in santimita 400 ne, ka raba da 4.84 ka sami kusan 83. Ka ƙara kashi 20 cikin ɗari saboda wanda zai farfashe wajen yanka, ya kama 100 ke nan. Katako mai 30 sau 30 zai ci kusan 186, da ƙari ya kai 220 da 'yan kai, wanda ya yi daidai da falle ɗaya na masu 225. Girawut kuwa giram 150 zuwa 200 ya wadaci ƙaramin katakon har da saura. Launin da zai zama shimfiɗar baya ka saye shi duka a lokaci ɗaya, don tayil mai suna ɗaya daga gashi daban-daban yakan ɗan saɓa a ido.

Tambaya: Duk tayil ɗin da na sa wa filaya sai ya tarwatse ko ya yanke a karkace. Laifin hannuna ne ko na filayar? (Wata mai karatu)

Amsa: Yana iya zama kowanne, Malama. Filaya iri biyu ce. Mai faifai biyu a baki ta gilashi ce, mai baki kamar awartaki kuma ta fi dacewa da tayil na yumɓu da tangaran. Riƙonsu ba ɗaya ba ne. Mai faifai, ki sa faifan a tsakiyar tayil daidai kan layin da kike son ya rabu, tayil ɗin a miƙe ba a kishingiɗe ba. Mai baki kuwa gefen tayil kaɗai za ta ciza, kamar milimita 2 zuwa 3, bakin yana fuskantar inda kike son tsagin ya bi. Wanda ya cusa tayil gaba ɗaya cikin bakinta murƙushe shi zai yi.

Ki riƙe hannun filayar can ƙarshensa, a nan ƙarfin yake, ki matse sau ɗaya da azama. Matsi a hankali cikin ɗar-ɗar shi ke sa gilashi ya yi ɓarɓashi. Ɗaya hannun ya riƙe tayil da babban yatsa da manuni, tafin ya rufa a kansa don ya tare abin da zai yi tsalle. Wasu cikin farar leda suke yanka, yana kuma da kyau.

Idan filayar da ta saba yanka lafiya ta fara tauna, faifan ne suka dakushe a wurin. Ki sassauta kusoshin da ɗan makullinsu, ki juya kowane faifai kaɗan zuwa sabon wuri, ki ɗaure. Ki sa ɗigon alama da alƙalamin maka don ki san inda kika tsaya. Da haka faifai ɗaya zai daɗe ƙwarai kafin a sake shi.

Atisayen da muke ba kowa: tayil 20, ki raba kowanne biyu, ki raba rabin biyu, ki sami 80 masu santimita 1. Bayan nan ki koyi yanka daga kusurwa zuwa kusurwa don samun mai kusurwa uku, sai kuma wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi kaɗan, shi ne ake jera lanƙwasa da shi. Da'ira ana samunta ta cire kusurwoyi huɗu, sannan a riƙa gutsurar gefen kaɗan-kaɗan. Launuka ba sa yankuwa daidai, wani ya fi wani gautsi, kada wannan ya dame ki. Tayil ɗin daɓe mai tsananin tauri kuwa ki ƙyale shi, ya fi ƙarfin filayar hannu. Masu aiki da marmara da gilashin smalti mai kauri guduma mai kaifi suke amfani da ita, da wani ƙarfe mai baki da ake kafawa a kututture, yadda aka yi tun zamanin Rumawa. Wannan darasi ne na gaba.

Ɓarɓashi kada ki share shi da tafin hannu ko kaɗan. Buroshi da jiƙaƙƙen tsumma.

Tambaya: Na yi tsuntsu a kan reshe. Kafin in sa girawut ya yi kyau, da na gama sai ya zama tarkace, ba a gane fiffike daga sararin baya. Kuma gaskiya ban iya zane ba. (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, wannan tambaya ita ce zuciyar sana'ar, bari mu daɗe a kanta. Ido ba gutsattsarin kaɗai yake gani ba, yana bin layukan da ke tsakaninsu. Kafin girawut layukan a ɓoye suke, da aka cike su sai suka fito fili, duk inda aka jera ba tsari ya tonu. Saboda haka tun wajen mannawa za ka riƙa tunanin inda kowane layi ya nufa. Layukan fiffike su bi kwanciyar gashin, na reshe su bi tsawonsa, na sararin baya su bi tasu hanya daban, ko a miƙe kamar jerin bulo, ko su riƙa kewaya tsuntsun suna faɗaɗa.

Tsarin aikin shi ne ka fara da abin da ya fi ƙanƙanta da muhimmanci, wato ido da baki. Sai iyakar jikin tsuntsun, sai cikinsa. Daga nan ka ɗauki launin sararin baya ka jera layi ɗaya cif yana bin siffar tsuntsun ta waje, kafin ka cike sauran. Wannan layi ɗaya shi ke fitar da siffa. Dabarar Rumawa ce, duk wanda ya duba hotunan daɓen da ke gidan tarihi na Bardo a Tunis zai gan ta kewaye da kusan kowace dabba da kowane kifi. Ba tare da ita ba, gutsattsarin baya sukan zo su ci karo da jikin tsuntsun a yayyanke, siffar ta ɓace.

Na biyu tazara. Ka tsayar da ita ɗaya, milimita 1 zuwa 2 ga ƙananan gutsattsari, kada wasu su manne da juna wasu su yi nisa. Ka kuma kula kada mahaɗar layi ta faɗo daidai kan mahaɗar na ƙasansa sau da yawa a jere, sai dai in da gangan kake yi, don hakan yakan haifar da wani dogon tsagi da zai ratsa hoton ba da izininka ba.

Na uku haske da duhu. Ja da kore launuka ne daban, amma idan duhunsu ɗaya ne, daga nesa haɗewa suke. Kafin ka manna komai, ka jera su a busashe, ka ɗauki hoto da waya ka mai da shi baƙi da fari. In tsuntsun ya ɓace a hoton, zai ɓace a bango.

Na huɗu, muna zargin farin girawut ka sa. Fari yana ƙwace ido, ya rarraba hoto gutsu-gutsu, musamman a kan launuka masu duhu. Ruwan toka matsakaici shi ne mafi aminci ga ɗan koyo, baƙi ko toka mai duhu kuma yakan sa ja da ruwan ɗorawa da shuɗi su yi haske. Gwajin ba wuya: ka barbaɗa busasshen garin a tsakanin wasu gutsattsari a kusurwa ɗaya, ka duba, ka share da buroshi. Launin busasshen gari ya fi kusa da yadda zai kasance bayan ya bushe, jiƙaƙƙe kullum ya fi duhu.

Batun rashin iya zane kuwa, rula da kamfas sun ishe ka. Taurari masu kusurwa takwas da siffofin zalij (adon yankakken tayil) na Fas a Maroko da na fadar Alhambra a Sifen duk daga da'ira da miƙaƙƙen layi aka fitar da su. Ganye da rassa ma suna yafe kuskure fiye da fuskar tsuntsu. Bangon Masallacin Umayyawa na Dimashƙu, wanda Halifa al-Walid ya gina a mulkinsa na 705 zuwa 715, itatuwa ne da koguna da gidaje a kan shimfiɗar gilashi mai ruwan zinariya, haka Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus da aka kammala wajen 691 cike take da rassa masu naɗewa. Ka fara da ganye ɗaya babba wanda ya cika katakon. Ƙananan abubuwa da yawa a ƙaramin fili su ne ke kayar da 'yan koyo.

Tambaya: Girawut ɗina ya tsattsage bayan kwana biyu, wani wurin ma yana zubewa kamar gari, ga wani farin hazo a kan gilashin da ya ƙi fita. (Wata mai karatu)

Amsa: Malama, kusan kullum ruwa ne sanadi, ko ya yi yawa a kwaɓi, ko ya yi yawa a soso, ko ya tsere da wuri. Girawut siminti ne, ƙarfinsa daga haɗuwarsa da ruwa yake zuwa a hankali. In ruwan ya yi yawa, idan ya fita sai ya bar ramuka, abin ya ƙanƙance ya tsage. In kuma zafi da busasshiyar iska suka zuƙe ruwan kafin simintin ya gama aikinsa, sai ya zama gari.

Ga yadda za ki yi. Ki sa takunkumi kafin ki buɗe garin, don ƙurarsa na cutar huhu, ki sa safar roba, don jiƙaƙƙen siminti na cin fata. Ki bi ma'aunin da ke jikin ledar, galibi yana kusa da gari kashi 3 zuwa 4 ga ruwa kashi 1. Ruwan ki riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan, cokali ɗaya ma yakan sauya kwaɓin. Kaurin da ake so shi ne kamar na man goge baki, in kika ɗebo da itace ya tsaya bai zuba ba. Ki bar shi minti 5 zuwa 10, ki sake juyawa ba tare da ƙara ruwa ba. Idan ya fara tauri a roba kina cikin aiki, zubar da shi za ki yi ki kwaɓa sabo. Ƙara masa ruwa a wannan lokaci kashe shi ne.

Ki tura shi cikin tsagogin da yatsu ko da ɗan guntun roba, ta kowace fuska, har ki tabbata ya kai ƙasa ba saman kawai ya rufe ba. Ki kwashe rarar, ki jira minti 15 zuwa 20. Sannan soso, a matse shi sosai har ba ya ɗiga. Shafa ɗaya a gicciye, ki juya ɗaya gefen, shafa ɗaya, ki wanke. Wanda ke ta dirzawa da jiƙaƙƙen soso yana kwashe simintin ne daga tsagin ya bar yashi, ga shi yana ƙara shimfiɗa hazo a kan gilashi. Bayan kamar awa ɗaya ki goge da busasshen tsumma mai laushi, ki bi lungunan da buroshin haƙori. In ana zafi ki lulluɓe aikin da leda, ki ajiye a inuwa kwana 2 zuwa 3.

Akwai wasu dalilai biyu. Girawut marar yashi na siririn tsagi ne, ƙasa da milimita 3. Idan tsagin ya kai haka ko ya wuce, mai yashi ake sawa, in ba haka ba ya tsage ko da kwaɓin ya yi daidai. Sai kuma katako mai motsi, in tsagin ya tafi doguwar hanya a miƙe, ƙasan ne ya lanƙwashe.

Gyara: ki ƙwaƙule inda ya lalace da bakin ƙusa, ki share, ki ɗan jiƙa wurin, ki cike da sabo. Hazon da ya daskare ki bari girawut ya yi mako guda, sannan ki goge da ruwan khal kashi 1 cikin ruwa kashi 4, ki ɗauraye nan take. Ban da marmara, tsami na cinye fuskarta. Ruwan wanke soso kuma kada ya shiga bututun wanke hannu, siminti na daskarewa ko a cikin ruwa, zai toshe shi. Ki bar bokitin ya kwana, ki tsiyaye ruwan sama, ki kwashe laka a takarda ki jefa a shara.

Tambaya: Na yi wa teburin tsakar gida ado da farin gam a kan katako. Damina ɗaya tayil suka fara ɓallewa. Kuma saman bai yi daidai ba, kofi ba ya zama. (Wani mai karatu)

Amsa: Malam, farin gam da katako ba su da hurumi a waje. Girawut ba ya hana ruwa shiga, yana tsotsa ne. Ruwan ya ratsa ya tausasa gam, katako ya kumbura da danshi ya motse da rana, tayil kuwa ba ya bin sa, dole su rabu. A ƙasashe masu ƙanƙara abin ya fi muni, don ruwan da ya shiga yana faɗaɗa idan ya daskare. Aikin waje ana yin sa ne a kan allon siminti ko kankare, da gam ɗin tayil na siminti wanda aka rubuta na waje ne, da gilashi ko tayil da ba ya shan ruwa. Ka shimfiɗa gam da cokalin magini mai haƙoran milimita 3, ɗan wurin da za ka iya rufewa cikin minti 15 kawai, don da ya yi fata a sama ya daina kamawa. Bayan girawut ya yi kwana 3 ka shafa masa maganin hana shan ruwa.

Don samun fuska sumul kuwa, hanyar juye ake bi. Ka zana fasalin a juye a kan takarda mai kauri ruwan ƙasa, ka manna gutsattsarin fuskarsu na kallon takardar da gam mai narkewa a ruwa, ɗan kaɗan. Idan ya bushe ka shafa girawut a bayansu ya shiga tsagi, ka goge bayan tas, ka kifa a kan gam ɗin da ka shimfiɗa a teburin, ka danna da miƙaƙƙen katako. Ka jiƙa takardar da soso ka jira kamar minti 15, ka ɓare ta a kwance daga kusurwa, ba ka ɗaga ta sama ba. Wanda ya goce ka gyara shi tun gam na ɗanye. Tun da fuskokin duk a kan shimfiɗa ɗaya suka kwanta, saman zai fito daidai ko da kaurinsu ya bambanta. Masu zalij na Fas ma a kife suke jera nasu a ƙasa, su zuba kwaɓi a baya. Abin da ke kama 'yan koyo a nan shi ne rubutu: in ba a juya shi a takarda ba, a juye zai fito a tebur.

Tambaya: Ina da fasassun faranti na tangaran da madubi. Za su yi? (Wata uwa)

Amsa: Za su yi sosai, Hajiya, kuma kina da magabata a wannan. Dogon bencin lambun Park Güell a Basalona, lambun da Antoni Gaudí ya tsara aka gina tsakanin 1900 da 1914, da fasassun tayil da tangaran aka lulluɓe shi. A Chartres ta Faransa, Raymond Isidore ya fara a 1938 ya rufe gidansa ciki da waje da irin waɗannan gutsattsari.

Guduma a cikin tsumma tana fasa faranti, amma ba ta tambayar ki inda furen yake. In akwai adon da kike so, ki ciji gefen farantin da filaya mai baki ya rabu biyu, ki ci gaba da rabawa har ki keɓe shi. Zoben gindin faranti ya fi sauran kauri, ki ware shi. Saboda gutsattsarin a lanƙwashe suke kuma kaurinsu ba ɗaya ba, farin gam ba zai riƙe su ba, ƙasansu ba ya taɓa katako duka. Gam na siminti za ki sa, ki shafa wa kowanne a baya, siriri ya sami da yawa, mai kauri kaɗan. Bakinsu akwai kaifi, ki dirza a kan jiƙaƙƙen dutsen wasa wuƙa. Kada ki goge su a bushe, don ƙyallin wasu tsofaffin faranti na ɗauke da dalma. Madubi kuwa yana son silikon marar tsami ko gam ɗin da aka yi don madubi. Silikon mai warin khal da gam na siminti suna iya cinye azurfar bayansa, bayan watanni ki ga baƙaƙen tabo. Ki sa madubin kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa yakan danne sauran launuka.

Tambaya: Yara za su iya shiga? (Wani malamin makaranta)

Amsa: Za su iya, Malam, in babba ne zai yi yanka da girawut. A ba su tayil cikakku ko gutsattsarin da aka goge bakinsu, da farin gam. Ƙanana masu kai komai baki a bar su da takarda mai launi tukuna.

Tambaya: Yaya zan rataye aikin da na gama, kuma me zan yi da gefunan katakon? (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tun kafin a manna tayil na farko ake yin sa. Ɗaura kusa a bayan aikin da aka gama yakan girgiza shi girawut ya tsage, wani lokaci bakin kusar ya ɓullo ta gaba ya ture tayil. Ki ɗaura zobba biyu na rataya a baya, kamar kashi ɗaya cikin uku daga sama, da kusoshin da ba su kai kaurin katakon tsawo ba, milimita 10 ga katako mai 12. Aiki mai 30 sau 30 yakan kai kilo ɗaya da rabi, don haka waya za ki sa tsakanin zobban, ba zare ba. Idan kin riga kin gama, ki kifa shi a kan tawul mai kauri, ki huda ɗan rami da hannu, ki ɗaura a hankali ba da inji ba.

Gefuna kada ki manna musu tayil a aikin farko, su ne ke fara ɓallewa da an ɗan buge su, girawut ma ba ya zama a kan tsiraicin katako. Ki kawo layin ƙarshe daidai bakin katakon, gefen tayil da ba a yanka ba yana kallon waje, sannan ki shafa wa gefen fenti mai launin girawut. In kina son firam, ki kafa siririn katako kewaye wanda ya ɗara fuskar da milimita 4 zuwa 5, ki rufe shi da tef ɗin takarda kafin girawut, ki cire tef ɗin tun girawut bai gama tauri ba.